Bel ya tsinke a tsakiyar kogi, inji bai mutu ba: a kashe ko a ƙarasa gaɓa?

Matuƙin_Kwara:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'ar ruwa da kanikawan da ke wannan zaure. Ina da jirgin ƙarfe mai ɗaukar kaya da fasinja a kogin Kwara, tsakanin Lokoja da garuruwan ƙetare, kuma injinsa na gas ne mai silinda huɗu wanda aka girka a cikin jirgin, ba irin wanda ake ratayawa a baya ba. A makon jiya yaron da ke tuƙa mini shi yana tsakiyar ruwa sai ya ji wani abu ya yi ƙara a ɗakin inji, jar fitilar caji ta kama, allurar da ke nuna gudun inji kuma ta faɗi ƙasa alhali injin yana ci gaba da aiki. Ya duba agogon zafi ya ga bai gusa daga inda ya saba tsayawa ba, ya leƙa salansa ya ga ruwa yana fita kamar kullum, don haka ya rage wuta ya ƙarasa gaɓa, wanda a cewarsa ya ɗauki minti biyar ko shida. Kafin ya gama ɗaure jirgin ƙararrawar zafi ta soma kuka. Da aka buɗe sai aka tarar bel ne ya tsinke.

Tambayata biyu ce. Shin abin da ya yi daidai ne, ko kashewa ya kamata ya yi nan take? Sannan me zan duba kafin in mayar da jirgin bakin aiki? Wani bakanike ya ce mini tunda ruwa bai daina fita daga salansa ba, babu abin da ya sami injin, in sa sabon bel kawai, amma hankalina bai kwanta da wannan magana ba.

Injiniya_Apapa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kana da gaskiya da ba ka yarda ba, domin ruwan da yaronka ya gani yana fita daga salansa ba shi ne ke zagaya cikin injin ba. Yawancin injinan gas da ake girkawa a jirgi da ruwa iri biyu suke aiki. Na farko shi ne ruwan ciki, wanda ake zubawa a tankin da ke saman inji, yana zagaya silinda da kan inji yana ɗebe zafi, kuma ba ya fita ko'ina. Na biyu shi ne ruwan kogi, wanda wani famfo mai farfelar roba ke zuƙowa ta ƙasan jirgi, ya tura shi ta cikin siraran bututan tukunyar musayar zafi, inda yake karɓe zafin ruwan ciki ba tare da sun gauraya ba, daga nan a watsa shi cikin salansa ya fita tare da hayaƙi. Wannan tukunya ita ce ke yin aikin da lagireto ke yi a mota.

A injina da dama, irin su Volvo Penta D1 da D2, haƙoran giya ne ke juya famfon ruwan kogi kai tsaye daga jikin inji, amma famfon da ke zagaya da ruwan ciki bel ne ke juya shi, kuma bel ɗin ɗaya ne da na altaneta, wato na'urar da ke cajin batir. Idan ya tsinke, ruwan kogi zai ci gaba da shiga yana fita lafiya lau, amma ruwan ciki ya tsaya cak, zafin da ke taruwa a kan inji ba shi da mai kai shi tukunya. Fitilar caji da allurar da ta faɗi su ne suka fara ba da labari, domin a injinan gas da yawa allurar gudu daga altaneta take karɓar saƙo. Shi kuwa injin bai mutu ba ne saboda injin gas na tsohon yayi ba ya buƙatar lantarki kafin ya ci gaba da ƙona mai, kuma wannan juriyar tasa ita ce ke ruɗar matuƙa.

Baban_Sarkawa:
Ni dai ba zan ga laifin yaron ba. Duk wanda ya san inda Kwara da Binuwai suka haɗu a Lokoja ya san ƙarfin ruwan wurin, musamman a watannin Satumba da Oktoba lokacin da kogi ya cika ya batse. Jirgin da aka kashe wa inji a wurin ba ya tsayawa, ruwa ne zai juya shi ya ba da gefensa, ga kaya ga mutane, kuma da zarar fasinja sun firgita sun koma ɓangare ɗaya to magana ta wuce ta inji. Ana sayen kan inji a kasuwa.

Bakanike_Yauri:
Baba, maganarka abin dubawa ce, kuma zan dawo kanta, amma bari in fara da agogon zafi, domin shi ne ya yaudari yaron. Agogon ba ƙarfen inji yake aunawa ba, ruwan da ke taɓa ɗan ma'aunin da aka ɗaura kusa da tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, yake aunawa. Muddin famfo yana juyawa, ruwan da ya iso wurin yana ɗauke da labarin inji gaba ɗaya. Da zarar famfo ya tsaya, sai abin ya zama kamar tukunyar kunun da aka daina motsawa, ƙasa na ƙonewa alhali sama bai nuna komai ba. Ruwan da ke kewaye da bawul ɗin fitar da hayaƙi da saman silinda zai iya tafasa ya zama tururi, ƙarfen wurin ya yi zafi fiye da kima, kafin allura ta motsa. Saboda haka lokacin da ƙararrawa ta yi kuka, wadda yawanci ake saita ta kusa da digiri 100, wasu sassan kan injin sun daɗe da wuce nan.

Alhaji, kafin ka sa sabon bel, ka yi waɗannan abubuwa injin yana a sanyaye. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka kuma buɗe murfin da ake zuba shi, idan ka ga ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara to ruwa ya shiga, kada a tayar da injin. Ka duba tankin ruwan ciki ka ga yawan abin da ya ragu, da ko akwai maiƙo a samansa. Ka sa sifana a kan notin karanshaf ka juya injin da hannu zagaye biyu cur, ka ji ko akwai inda yake cijewa. Idan duk wannan ya yi kyau, sai a sa bel, a cika ruwa, a tayar da shi murfin tankin yana buɗe tun yana da sanyi, a tsaya a kalli ruwan. Kumfar da ke tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ta yankewa alama ce ta cewa gasket, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, iskar silinda tana kutsawa cikin ruwa.

Ɗan_Baga:
Ku yi mini afuwa, ina so in fahimta. Mu a tafkin Chadi injinan Yamaha masu ƙarfin doki 40 da 75 muke ratayawa a bayan kwale-kwale, kuma ban taɓa ganin bel a jikinsu ba. Shin wannan magana ta shafe mu, ko ta masu manyan jirage ce kawai?

Bakanike_Yauri:
Malam Ɗan_Baga, irin naka na Yamaha samfurin Enduro da ake haɗa wa fetur da mai ba shi da bel, kuma famfon ruwansa yana can ƙasa a cikin ƙafar inji, a jikin sandar da ke saukowa zuwa giya, don haka muddin inji na juyawa shi ma yana juyawa. Naku haɗarin shi ne farfelar robar ta cinye ko leda ta rufe ramukan shan ruwa, kuma shaidarku ita ce siririn ruwan nan da inji ke tsartarwa a baya. Idan ya yanke ko ya koma ɗigo, hukuncin ɗaya ne da na Alhaji, domin inji na aiki amma babu mai ɗebe masa zafi.

Mai_Gyaran_Inji_Jebba:
Ƙarin bayani kaɗan a kan abin da Malam Bakanike ya faɗa, don kada wani ya ɗauka duk injin ratayawa ba shi da bel. Da yawa daga cikin sababbin nan masu tankin baƙin mai daban, waɗanda ba a haɗa musu mai da fetur, suna da bel mai haƙora a ƙarƙashin murfi, amma aikinsa buɗe bawul da rufe su ne, ba juya famfon ruwa ba. Idan wannan ya tsinke injin mutuwa yake yi nan take, kuma a wasu samfuran fistin kan bugi bawul ya lanƙwasa shi. Matsala ce daban da wadda ake tattaunawa.

Kyaftin_Fatakwal:
Ina so in ja hankalin zauren kan cewa bayanin Injiniya_Apapa daidai ne ga injin Alhaji, amma kada kowa ya tafi da shi a matsayin doka ga kowane inji. Akwai injinan da bel ne ke juya famfon ruwan kogin kansa. A ƙananan Yanmar irin 2GM da 3GM, misali, famfon ruwan waje yana da nasa ɗan bel daban, haka kuma injinan MerCruiser masu ƙafar Bravo famfonsu yana jikin inji ne bel na juya shi, saɓanin masu ƙafar Alpha da nasu ke cikin ƙafar. Idan irin wannan bel ɗin ne ya tsinke shi kaɗai, fitilar caji ba za ta kama ba, allurar gudu ba za ta faɗi ba, kuma agogon zafi zai hau ne a hankali, tunda ruwan ciki na ci gaba da zagayawa.

Abin da ke fara lalacewa a nan ba kan inji ba ne, salansa ne. Hayaƙin injin gas da ke jan kaya yakan haura digiri 400, kuma ruwan da ake watsa masa a gwiwar salansa shi ne ke sauko da shi har tiyon roba da tukunyar robar salansa da ke biye su iya ɗaukarsa. Idan ruwan ya yanke, wannan hayaƙin zai shiga tiyon da ba a yi shi don ya jure abin da ya wuce digiri 100 da kaɗan ba. Na taɓa shiga ɗakin injin wani ƙaramin jirgin ma'aikata a rafukan Bonny bayan irin haka ta faru, na tarar cikin tiyon ya saɓule ya toshe hanya, tukunyar ta narke ta gefe, hayaƙi ya cika ɗakin. Inda mafitar salansa take kusa da fuskar ruwa, tiyon da ya huje kan zama ƙofar da ruwa zai shigo jirgi. Alamar farko a kunne take: ƙarar salansa takan sauya ta zama busasshiya mai kauri, sannan warin roba ya biyo baya.

Hajiya_Mai_Jirage:
Na gode da waɗannan bayanai. Ni ba na tuƙi, amma ina da jirage biyu da yara ke aiki da su, kuma abin da nake buƙata shi ne umarni guda wanda zan ba su, wanda ba sai sun tsaya tunani ba. Yaron da ke tsakiyar ruwa da mutum talatin a bayansa ba zai tuna bambancin famfon giya da na bel ba. Injiniya, idan kai ne mai jirgin, me za ka ce musu?

Injiniya_Apapa:
Hajiya, zan ce musu fitilar caji idan ta kama inji na gudu, su ɗauke ta a matsayin fitilar zafi har sai sun gani da idonsu cewa bel na nan. Su mayar da inji silo nan take, domin zafin da inji ke haifarwa yana bin yawan man da yake ƙonawa, mutum ɗaya ya ɗaga murfin ɗakin inji ya duba. Idan bel ya tafi kuma wurin yana da sarari, a jefa anga a kashe. Idan akwai dutse ko ƙafar gada ko wani jirgi a gaba, a yi amfani da injin gwargwadon abin da zai fitar da jirgi daga wannan haɗarin kawai, ba gwargwadon abin da zai kai shi tasha ba. A nan ne nake ganin yaron Alhaji ya zarce, domin minti ɗaya na kauce wa haɗari daban yake da minti shida na ƙarasa tafiya.

Baban_Sarkawa:
Injiniya, a Apapa kuna da anga mai sarƙa da jiragen da za su jawo ku. Ka zo ka ƙirga jirage nawa ne a mashayun Kwara ke ɗauke da angar da za ta riƙe jirgi mai lodi a ruwan damina. Wasu dutse ne ɗaure da igiyar da ba ta kai ƙasa ba.

Hajiya_Mai_Jirage:
Baba, to ai wannan gyaransa a hannunmu yake, mu masu jiragen. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wato NIWA, da hedikwatarta ke nan Lokoja ta sha nanata maganar rigar ruwa da hana tafiyar dare, amma anga da doguwar igiya ba sai an tilasta wa mutum ba, tunda kuɗinsu bai kai na buɗe kan inji sau ɗaya ba.

Ɗan_Gaya_Nijar:
Ban ga wanda ya ambaci dabarar da muke yi a nan ɓangaren Gaya da Malanbil ba. Idan bel ya tsinke babu wani a ajiye, sai a yanko robar tif ɗin mota doguwa, ko igiyar nailan mai kauri, a zagaya ta a fulin karanshaf da fulin famfon ruwa kawai, a tsallake altaneta, a ɗaure tamau. Famfon ruwan ciki ba ya cin ƙarfi sosai, don haka idan aka tafi a hankali takan kai mutum gaɓa. Batir kuma zai riƙe ƙararrawa da fitilu na ɗan lokaci ko da babu caji.

Kyaftin_Fatakwal:
Dabarar Malam Ɗan_Gaya tana aiki, amma da iyakarta. Ta dace da famfon ruwan ciki, wanda farfelarsa ta ƙarfe ce mai juyawa sakayau. Famfon ruwan kogi mai farfelar roba yana da tauri, domin fikafikan robar a matse suke da jikin gidansu, kuma igiya takan yi ta sulɓi a kan fuli ba tare da ta juya shi ba, mutum yana zaton ya gyara alhali ruwa bai taso ba. Duk wanda ya yi wannan dabara ya tsaya ya ga fulin yana juyawa da idonsa, kuma ya tsaya daga gefe, ya naɗe hannun rigarsa, domin ƙullin igiya idan ya kwance bulala yake zama. Kada a taɓa ɗaura ta inji na aiki. Ni na fi son a ajiye bel biyu a jirgi, tare da sifanun da suka dace da notin altaneta, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A injinan da sai an cire tiyon ruwa kafin bel ya shiga, akan zura na ajiya tun a tasha, a ɗaure shi gefe inda ba zai taɓa abin da ke juyawa ba.

Matuƙin_Kwara:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi abin da Malam Bakanike_Yauri ya lissafa. Baƙin mai yana nan da launinsa, babu fari a ciki, injin kuma ya juyu da sifana ba tare da cijewa ba. Ruwan ciki ya ragu da kusan lita ɗaya, kuma akwai alamar ya fita ne ta ɗan tiyon da ke wuyan tanki. Sai dai na ga abubuwa biyu da ban zata ba. Gaban injin duk ya yi baƙar ƙura mai laushi, sannan da na kama fulin altaneta don in juya shi da hannu sai na ji yana da tauri yana gurzawa, alhali na famfo yana juyawa sumul. Shi kuma bel ɗin da ya tsinke gefensa ya yi sheƙi, ga warin ƙuna.

Bakanike_Yauri:
To Alhaji, ka samo mai laifin. Boris ɗin altaneta ne ya lalace, fulin ya riƙa turjewa, bel ya yi ta gogarsa har ya ƙone ya tsinke. Da ka bi shawarar da aka fara ba ka, da sabon bel ɗin ma bai daɗe ba, kuma wataƙila a wurin da ya fi wancan muni. Wannan kuma amsa ce ga masu ganin ajiye bel ya wadatar: idan altaneta ta cije gaba ɗaya, bel mai tsawon asali ba shi da amfani, sai gajere wanda zai haɗa karanshaf da famfo kawai, ko dabarar Malam Ɗan_Gaya.

Baƙar ƙurar da ka gani ba ta kwana ɗaya ba ce, robar bel ce da ta daɗe tana cinyewa. Abubuwan da ke kawo ta su ne sakin bel, tsatsa a cikin kwarin fuli wadda ke kankare shi, ko fulin da ba su daidaita a layi ɗaya ba. Idan an sa sabo, a danna shi da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo, ya lotsa kamar milimita 10, sai dai in littafin injin ya faɗi wani abu daban. Wanda ya fi haka saki zai yi sulɓi, wanda kuma aka ɗaure kamar tsirkiya shi ne ke kashe boris ɗin altaneta da na famfo, kuma ba zan yi mamaki ba idan abin da ya faru da naka ke nan. Sabon bel yakan miƙe, don haka a sake duba shi bayan awannin farko na aiki.

Malama_Nas_Idah:
Ba fannina ba ne, amma ina roƙon a gaya wa yaran jirgi kada su buɗe murfin tankin ruwa inji yana da zafi. Na ga ƙunar da wannan ke yi a fuska da hannu, kuma ba ƙarama ba ce.

Injiniya_Apapa:
Malama ta faɗi abin da ya kamata mu fara da shi. Murfin yana riƙe matsi ne da gangan, kuma a matsin da ya kai awon "bar" guda ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 120. Wanda ya buɗe shi a wannan hali ya sauke matsin ne a lokaci guda, sai ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri. Haka kuma bayan an kashe injin da ya yi zafi, allura takan ƙara hawa na ɗan lokaci saboda zafin da ke cikin ƙarfe yana fitowa, wannan ba sabon lahani ba ne. Babban kuskure shi ne a ɗebo ruwan kogi mai sanyi a bokiti a kwara wa kan inji ko a ɗura a tanki, domin ƙarfen da wani sashensa ya huce farat ɗaya alhali sauran na da zafi shi ne ke tsagewa. A buɗe ɗakin inji iska ta shiga, a jira har a iya ɗora tafin hannu a kansa.

Ɗan_Baga:
Wani bakanike a wajenmu yakan cire tamostat ya yar, ya ce ƙasarmu da zafi, ba a buƙatarsa. Da an cire na Alhaji, da bai sami ƙarin lokaci ba?

Mai_Gyaran_Inji_Jebba:
Da ya sami kaɗan ƙwarai, tunda injin zai fara ne daga zafin da bai kai na ƙa'ida ba, amma famfon da ya tsaya ya tsaya, ko da tamostat ko babu. A madadin wannan ɗan lokacin kuma, injin zai shekara yana aiki a sanyaye, yana shan mai yana tara baƙin gawayi, alhali an ƙera shi ne ya zauna tsakanin digiri 80 da 90. A wasu injinan ma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, don haka cire shi kan sa ruwa ya riƙa kauce wa tukunya. Wanda yake son raguwar dogaro da famfon roba a ruwa mai yashi irin na Kwara, gara ya duba tsarin da ake shimfiɗa bututan ruwan ciki a wajen ƙasan jirgin ƙarfe, kogi ya riƙa sanyaya su kai tsaye, a fitar da hayaƙi ta busasshen salansa. Amma ko a wannan tsarin yawanci bel ne ke juya famfon ciki. Hatta injinan Deutz 912 masu sanyaya da iska bel ne ke juya fankarsu, shi ya sa akan sa musu makunnin da ke ba da gargaɗi idan ya tsinke. Tsofaffin ƙananan Lister masu sanyaya da iska ne dai fankarsu ke jikin babban faifan inji, babu bel a tsakani.

Bahaushen_Bur_Sudan:
Gaisuwa daga Bahar Maliya. A nan ruwan ya fi na yawancin tekuna gishiri da ɗumi, don haka inji ba shi da rarar sanyi mai yawa tun farko. Abin da zan ƙara ga Alhaji shi ne ya buɗe famfon ruwan kogi ya duba farfelar robar duk da cewa ba ita ce ta jawo matsalar ba, tunda an riga an tsayar da jirgi. Idan ya ga fiffike ɗaya ya ɓalle, kada ya rufe sai ya nemo guntun, yawanci a bakin tukunyar musayar zafi yake maƙalewa ya tare bututai. Kuma idan injin ya ƙi tashi bayan gyara, kada a yi ta murza makulli bawul ɗin ruwan kogi yana buɗe, domin famfo na tura ruwa cikin salansa babu hayaƙin da zai kore shi, har ya cika ya koma cikin silinda.

Baban_Sarkawa:
Duk na karanta, kuma na ƙaru da maganar fitilar caji, zan gaya wa yarana. Amma har yanzu ban ji wanda ya kasance a cikin jirgin ba in ban da yaron. Mu a tafkin Kainji, tun da aka kammala madatsar a 1968 kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suke nan a ƙasa, kuma iska idan ta taso ba ta jiran inji ya huce. Matuƙin da ya san mai jirgi zai cire kuɗin gasket daga albashinsa, wata rana zai kashe inji a inda bai kamata ba.

Injiniya_Apapa:
Baba, a kan albashi ina tare da kai, bai kamata a hukunta shi ba. Inda muka rabu shi ne, injin da aka ci gaba da tuƙawa babu ruwa yana iya bugawa da kansa kafin a isa, kuma a lokacin ba matuƙi ne ya zaɓi wurin tsayawa ba. Wanda ya kashe da wuri yana da injin da zai sake tayarwa na rabin minti idan ya ga dutse ya matso.

Matuƙin_Kwara:
Ba zan taɓa albashin yaron ba, Baba. An kai altaneta wurin mai gyara, na kuma sayi bel biyu. Mun tayar da injin da aron wata altaneta, mun kalli tanki babu kumfa. Wani yana cewa in buɗe kan injin a kai shi a auna ko ya banƙare, wani yana cewa kada in taɓa abin da bai nuna ciwo ba. Wanne zan bi?

Bakanike_Yauri:
Ni ba zan buɗe ba tukuna, musamman idan kan injin na baƙin ƙarfe ne ba na alminiyom ba, domin ya fi jure irin wannan. Amma rashin kumfa a silo bai wanke shi ba, akwai gasket ɗin da ba ya yoyo sai an ɗora wa inji kaya. A sauya baƙin mai da matatarsa tunda sun sha zafi, a cire tamostat a gwada shi a ruwan zafi a ga yana buɗewa, a matsa kowane tiyo a ji ko ya yi laushi ko ya kumbura. Sannan a loda wa jirgin buhunan yashi, ba fasinja ba, a yi ta zagaye kusa da gaɓa da cikakkiyar wuta na kamar awa ɗaya. Washegari da safe, kafin a murza makulli, a duba ruwan tanki a kuma sake juya injin da sifana.

Injiniya_Apapa:
Na yarda da gwajin lodi, amma ni zan fara da famfon gwajin matsi da ake ɗaurawa a bakin tanki, irin wanda masu gyaran lagireto ke da shi. A hura shi zuwa adadin da aka rubuta a kan murfin, a bar shi, a ga ko allura za ta sauka. Dalilina shi ne salansa mai ruwa yana ɓoye farin tururin da a mota zai tona asirin gasket, don haka ido kaɗai ba ya isa a jirgi. Kuma Alhaji, altanetar aron nan, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulinta da na karanshaf a tabbatar suna layi ɗaya, a kuma duba ko faɗin kwarinta daidai yake da bel ɗin da ka saya, domin idan ta mota ce sau da yawa ba ya zama ɗaya.